Darasi na 18: Idan Al'ada Ta Yi Jinkiri

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito. In ba a sami ciki ba, bayan kamar mako biyu sai jinin al'ada ya zo.

A wajen waɗansu 'yan mata ƙwan ba ya nuna. Ƙananan ƙwayaye sukan taru a gidan, ba su girma, ba su fita. Sai al'ada ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Gashi ya fito a haɓa, ƙuraje su feso a fuska, wata kuma ta yi ƙiba. Amma sirara ma suna samunsa. Likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana wannan ciwo a 1935. Kusan mace ɗaya cikin goma tana da shi.

A Darmanawa da Gyadi-Gyadi mukan ji ana cewa sammu ne, ko aljani ya aure ta. Ba haka ba ne. Sinadaran jini ne ba su daidaita ba, kuma abin yakan bi dangi. Budurwa ta yi ɓatan wata, sai a zarge ta da cikin shege. Amarya ta shekara biyu shiru, sai a ce juya ce, a fara zancen saki. Wannan zalunci ne.

To, ga amfanin rubutun da muka koya. Mu sami ɗan littafi, mu riƙa rubuta ranar da jini ya zo. A shekarar farko ta balaga, rikicewa ba abin tsoro ba ce. Bayan nan, in tsakani yakan wuce kwana 35, ko ya kai kwana 90 ko da sau ɗaya, mu ɗauki littafin mu tafi asibiti. Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kusa da mu a titin Zariya. Likita zai auna jini, ya ɗauki hoton ciki.

Ciwon ba ya warkewa ɗungum, amma ana shawo kansa. Mai kilo 80 in ta rage 4, sau da yawa al'ada takan daidaita. A rage sukari da lemon kwalba, a riƙa tafiya a ƙasa. Akwai maganin daidaita al'ada, akwai na sa ƙwai ya nuna, kuma da yawansu suna haihuwa. In aka yi sakaci, ciwon sukari yana iya biyo baya. Kada mu sayi magani a kemis sai da takardar likita.

Tambayoyi

Gidan ƙwai nawa mace take da shi?
Bayan kwana nawa ya kamata a tafi asibiti?