Ijara Da Ladan Aikin Ranar Hutu: Darasi Daga Ostareliya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, babin ijara yana cikin babukan fiƙihu waɗanda almajirai kan wuce da sauri, alhali kuwa a kansa abincin yawancin mutane ya rataya. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa ladan aiki ya zama sananne tun lokacin ƙulla yarjejeniya. Amma shari'a ba ta yanke wa kowace sa'a farashi ba, ta bar wannan ga yardar juna da al'adar gari. Ko Jumma'a ma ba ranar hana aiki ba ce ɗungurungum. Ciniki da ijara ake warwarewa in wanda Jumma'a ta wajaba a kansa ya ƙulla su daga kiran salla na biyu zuwa idarwa.

A Ostareliya, al'adar da ta kafu ita ce a ƙara wa wanda ya yi aiki Asabar ko Lahadi lada, domin an raba shi da iyalinsa da wurin ibadarsa. Kotun sulhun ƙwadago ta ƙasar ta ƙarfafa wannan a 1947. A watan Fabrairu na 2017 hukumar da ke yanke albashi ta rage ƙarin Lahadi: ma'aikacin kanti na dindindin da ke karɓar ninki biyu ya koma ɗaya da rabi, mai sayar da abincin tafi-da-gidanka kuwa daga ɗaya da rabi ya koma ɗaya da kwata. Masu kantuna suka kafa hujja da cewa zamani ya sake, Lahadi ta zama ranar kasuwa, kuma in lada ya sauka za a ɗauki ƙarin ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadago suka garzaya Kotun Tarayya, ta kori ƙararsu a watan Oktoba na shekarar.

Sai dai akwai abin lura a ɓangaren wakilan ma'aikata su kansu. Babbar ƙungiyar ma'aikatan kantuna, watau SDA, ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar da ta musanya ƙarin ranar hutu da ɗan ƙari a ladan kowace sa'a. A 2016 hukumar ta soke irin wannan yarjejeniya da kamfanin Coles, don ta tarar masu aikin dare da na ƙarshen mako, waɗanda galibi su ne masu ƙaramin ƙarfi, asara suke yi. A fiƙihu wakili amintacce ne, ba shi da ikon sarayar da haƙƙin wanda ya wakilta sai da maslaha bayyananna, kuma ribar wani ma'aikaci ba ta biyan hasarar wani.

A 2025 gwamnatin jam'iyyar Leba ta zartar da dokar da ta hana hukumar rage wannan ƙari nan gaba. Dokar ba ta mayar da abin da aka yanke a 2017 ba.