Darasin Makiyaya: Share Kurmi Ba Tare da Tsiraita Ƙasa Ba

Ƴan uwa makiyaya da masu garake, darasinmu na wannan karo ya shafi wani icce mai ƙaya da ke cinye makiyaya a ƙoramun Abzin da kewayen Agadas. Masana na kiran shi Prosopis juliflora, Hausawan Nijar na ce mishi mugun kawa, Barebari kuma kangar. Za mu ga yadda ake rage shi, da abin da ya kamata a yi da rassan bayan sara.

1. Daga ina ya zo?

Asalinsa nahiyar Amurka. An kawo shi don tsaida rairayi da samun inuwa, domin yana jure fari. A 1977 ma'aikatan daji suka dasa shi a gefen Tafkin Chadi, jihar Difa. Zuwa farkon shekarun 2000 an ƙiyasta ya rufe fiye da hekta 300,000 a can. Sudan ma ta ba da umurnin a kawar da shi tun 1995. Ya shiga har cikin gandun Abzin da Tenere.

Bisashenmu ne ke shuka shi. Akuya ko raƙumi ya ci ɗiyan iccen, ƙwayar ta fito cikin kashi lafiya lau, ga taki a tare da ita. Shi ya sa yake bin burtali da bakin rijiya da wurin da ruwa ke kwanciya. In ya yi kurmi, ciyawa ba ta fitowa ƙarƙashinsa, ƙayarsa na huda kofato, saiwarsa kuma na shan ruwan da rijiya ke jira.

A arewacin jiharmu, wajen Arlit, ruwan shekara ba ya kai milimita 100. Ciyawar kirki tana cikin ƙorama da fadama ne. Wanda ya rasa ƙorama ya rasa rani.

2. Injin mai niƙe kurmi

A Amurka da Turai akwai injin da ake ɗaura wa tarakta. Ganga ce ta ƙarfe mai haƙora, tana juyawa da ƙarfi, tana niƙe kurmi a tsaye, ta bar gutsattsarin icce shimfiɗe a ƙasa. Ba ƙonawa, ba kwashewa.

Mutanen Imuraren sun san aikin katafila, tun da aka fara gyaran filin haƙar uraniyom bayan izinin 2009, har aikin ya tsaya a 2014. Katafila tana kankare ƙasar sama, tare da irin ciyawar da ke cikinta. Injin niƙa ya fi ta a nan: yana barin ƙasar sama, ya rufe ta, iska ba ta kwashe ta, laima kuma ta daɗe.

Amma yana da illa huɗu:
a) Ba ya taɓa saiwa. Mugun kawa da aka sare a sama yana tohowa da rassa da yawa, ya fi da cunkushewa.
b) In akwai nunannun ɗiya, sai ya watsa irin ko'ina.
c) Bai san aduwa ba, bai san kandili ba. Duk abin da ya tarar niƙewa ne.
d) Yana shan gazuwal, dutse na cinye haƙoransa, kayan gyara kuma suna nesa.

To, mu hikimar za mu ɗauka: abin da aka sare ya koma ya rufe ƙasa. Wannan kuwa gatari da adda da diga sun isa.

3. Kafin a ɗaga gatari

Daji na da doka, wato dokar daji ta 2004. Makiyaya kuma ta kowa ce. A zauna da sarakunan gargajiya, da magajin gari, da kwamitin kula da filaye, da ma'aikacin daji, a shata wurin, a karɓi izini. Gawayi ma sai da izini.

A zagaya a sa alama ga itatuwan gida da za a bari: aduwa, kandili, bagaruwa, magarya, jiga, goriba, har da ƙananansu. Su ne abincin raƙumi da akuya in ciyawa ta ƙare.

A fara da inda ya fi cutarwa: bakin rijiya, burtali, da sabon wurin da iccen bai yi ƙarfi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. Yadda ake aikin

Na farko: a tsince ɗiyan da ke ƙasa da na sama, a zuba a buhu.

Na biyu: a sare rassa, sa'an nan a tone gindin, a yanke saiwar kamar santimita 30 ƙarƙashin ƙasa, wato kusan tsawon ƙafar babban mutum. Idanun da ke tohowa suna wajen wuyan saiwa ne. In kututture ya gagara, a tara mishi busasshen kashin bisashe a ƙona shi a wurin, ranar da babu iska, wani na tsaye har wutar ta mutu.

Na uku: a bakin gaɓar ƙorama kada a tumɓuke duka lokaci guda, don kada ruwa ya ci gaɓar. A rage, a bar reshe ɗaya ko biyu ga kowane gindi, a datse na ƙasa.

Na huɗu: a ware itacen. Manya su tafi girki ko dirkar shinge. Ƙananan rassa a daddatse su a kai kan fako.

Aikin gayya ne, kuma lokacin ɗari ya fi daɗinsa. A sa takalmi mai kauri. Wanda ƙaya ta soka har wurin ya kumbura, ya je likita.

5. Shimfiɗa rassa kan fako

Fako ya bushe ya yi ɓawo, ruwa na gudu a kansa. A jera rassan layi-layi, suna gitta hanyar ruwa ko ta iska. Za su tare rairayi da ƙwayar ciyawa, su rage gudun ruwa. Inda akwai gara, ita za ta huda ɓawon ruwa ya shiga. Manoman Maradi da Tawa sun daɗe suna haka da karan hatsi.

Kada a jibge da yawa. In ƙasa ba ta ganin rana, ciyawa ba ta tsirowa. Kada a shimfiɗa a burtali, saboda ƙaya. Gab da damina a watsa irin ciyawar gida tsakanin layukan, a hutar da wurin har ciyawar ta zubar da iri. Ƙasarmu busasshiya ce, icce ba ya ruɓewa da wuri. Sai haƙuri.

6. Ɗiyan iccen abinci ne, in an auna

Suna da zaƙi da gina jiki. A shanya su sosai, a kai injin niƙa, a niƙa su laushi har ƙwayar ta fashe. Ƙwayar da ta fashe ba ta tsirowa, kuma dabba ta fi moron ta. A gauraya da dusa ko harawa, tiya ɗaya cikin biyar, kada a wuce. Dabbar da ta daɗe tana cin su zalla haƙoranta na lalacewa, muƙamuƙin saniya na karkacewa, ta kasa tuƙa, ta rame. In an ga haka, a kira likitan bisashe.

Garken da ya yi kiwo cikin kurmin a tsare shi wuri ɗaya kamar mako guda kafin a kai shi sabuwar makiyaya, a dinga lura da abin da zai tsiro a wurin.

7. A koma a duba

Ƙwayar na iya kwana shekaru cikin ƙasa da ranta. Bayan kowane ruwa a zagaya a tuge ƴan tsiron tun ƙasa na da laushi. A riƙe wannan shekara uku ko fiye. In an yi sake, gumin bara ya tafi banza.

Tambayoyin tattaunawa
1. A wace rijiya ko ƙorama iccen ya fi matsa muku?
2. Me ya sa sara a sama ba ya kashe shi?
3. Waɗanne itatuwa za ku bari a wurinku?
4. Wa zai ɗauki nauyin zagayen bayan ruwa?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa ƴan uwa a bakin rijiya ko ranar kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.