Yadda Mai Raino Za Ta San Lokacin Mayar Da Yaro Gida In Ba Shi Da Lafiya

Shawara iri biyu ake yawan ba masu gidan raino, kuma babu ta ɗauka a ciki. Wasu su ce da yaro ya yi atishawa ki kira uwarsa. Wasu su ce ki ɗura masa farasitamol ki kwantar da shi har a tashi daga aiki, tunda an biya ki. Ta farko za ta kore miki iyaye kafin hunturu ya fita, ta biyu kuwa ita ke kai mai raino gaban hukuma. Ga yadda nake yi da yaran da ma'aikata ke bar mini daga safe zuwa la'asar.

Tun ranar farko ki karɓi lambar waya biyu, ta uwa da ta wani na gida da zai iya zuwa, don in uwar malama ce, tana cikin aji ba ta ɗaga waya. Ki duba katin rigakafi, ki tambaya ko yaron yana da sikila ko asma, ki faɗi dokokinki a ranar.

Kowace safiya ki duba yaro a bakin ƙofa kafin uwar ta juya. Ki taɓa wuyansa, ki kalli idonsa, ki tambaya kai tsaye: "Maman wane, an ba shi magani yau?" Farasitamol yana danne zazzaɓi na awa 4 zuwa 6. Shi ya sa yaron da aka kawo da ƙarfe 7 garau yake ɗaukar zafi wajen azahar. Ba mugunta ke sa iyaye haka ba, tsoron maigida a wurin aiki ne, amma dai ke za a bari da jidali.

Ki sayi na'urar auna zafin jiki, ta hammata mai nuna lamba. Kuɗinta ba wani abu ba ne a kemis. Irin mai kama da bindiga da ake saitawa a goshi ban yarda da ita ba, don yaron da ya shigo daga rana a watan Afrilu sai ta nuna miki zazzaɓin da babu shi. In awo ya kai 38, ki kira gida. In jariri ne da bai kai wata 3 ba, ko mai sikila, asibiti za a nufa, ba gida ba.

A nan ne za ki ji an ce "ai haƙori ne". Wannan magana ta cuci yara da yawa. Fitar haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan ƙiriniya, jiki ma kan yi ɗumi kaɗan, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawa. Abin da ke faruwa shi ne a daidai watannin nan yaro ke rarrafe yana kai komai baki. A ƙasarmu kuwa, musamman da damina, zazzaɓi yana buƙatar gwajin cizon sauro a ranar, ba gobe ba. Kuma kada ki yarda ki ba yaro wani maganin haƙori na kwalba da aka aiko da shi a jaka. A 2008 wani mai suna My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya yi ajalin yara fiye da 80 a Najeriya. Asfirin ma ba na yara ba ne. Ni ko farasitamol ba na bayarwa sai na ji daga bakin uwa, kuma bayarwar ba ta soke kiran.

Gudawa ko amai sau biyu, gida. Tumbuɗin jariri ba amai ba ne, kashin mai shan nono zalla kuma dama ruwa-ruwa yake. Kafin a iso ki riƙa ba mai gudawa ko amai ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, kaɗan-kaɗan da cokali, a haɗe yadda aka rubuta a jikinta. Ki ware masa fo ɗinsa, ki wanke hannu da sabulu.

Ƙuraje tare da zazzaɓi, gida, sai ma'aikacin lafiya ya gani. Mai ƙyanda ba ya dawowa sai aƙalla kwana 4 bayan fitowarta, mai ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe. Mura kawai da majina, yaro na cin abincinsa yana ƙwace wa 'yan'uwansa kayan wasa, ki share masa hanci ki ƙyale shi.

Mai wahalar shi ne yaron da awo bai nuna komai ba amma ke kin san ba haka yake ba. Ya ƙi kunu, ya ƙi wasa, ya lafe a bayanki tun safe. Ki ba shi kamar awa ɗaya, ki gwada ruwa, ki gwada barci, ki sake awo. In bai sake ba, ki kira. Dalilina mai sauƙi ne: in yaro ɗaya ya cinye hannuwana biyu, sauran ba su da mai kallonsu. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri; daga shekara 1 zuwa 5, 40. Ciwon haƙarƙari kan ɓuya a nan.

Akwai alamun da ba a jiran kowa a kansu: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, aman duk abin da ya shiga, barcin da aka kasa tashinsa, ƙirji na shigewa ciki, wuya ya sanƙare ko maɗiga ta kumbura, musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo. Ki tsayar da Keke Napep, ki kira uwar kina hanya. In jijjiga ce ki kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Wajen kira kada ki tayar wa uwa da hankali, kada kuma ki rage. "Hajiya, sannu da aiki. Jikinsa ya kai 38.6, ya yi amai sau biyu, yanzu yana kwance kusa da ni. A zo a ɗauke shi cikin awa ɗaya." In ta ce ki yi haƙuri zuwa ƙarfe 4, ki ba ta haƙuri ke ma, ki kira lamba ta biyu. Ki rubuta lokaci da awo da abin da ya ci a takarda ki ba ta, likita zai tambaya.

Dawowa: mai zazzaɓi sai ya yi kwana ɗaya cur babu zafi ba tare da farasitamol ba, mai gudawa ko amai sai awa 48 bayan na ƙarshe. Ki riƙe wannan ko ɗan yayarki ne, don duk wadda kika ɗaga wa ƙafa sau ɗaya, sauran iyaye za su ji kafin mako ya ƙare.