Zobban Zuhal: Daga Ina Suka Samo Asali?

Manomin Bodinga da makiyayin Shagari sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'Ya'yanta. Akwai kuma wata tauraruwa mai ɗan rawaya wadda ba ta ƙyaftawa, malamai na kiranta Zuhal. Sanin sama ba baƙo ba ne a ƙasar nan: a 1824, da Bature Kilafaton ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama a Sakkwato, sai ya tarar Sarki ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci.

Abin da ido ba ya iya gani shi ne Zuhal duniya ce ƙatuwa mai zobba kewaye da ita. Faɗinsu ya haura kilomita 250,000, amma kaurinsu a wurare da dama bai wuce mita 10 ba, kuma kusan duk ƙanƙara ne, daga mai girman tsakuwa har mai girman ɗaki. Duniyar Mushtari ma tana da nata, sirara, an gano su a 1979.

To, ina suka fito? Hanis Alfen, masanin ƙasar Suwidin da ya ci lambar Nobel a 1970, ya ce a duba filasma, wato iska mai zafi ɗauke da lantarki, irin wadda ke cikin walƙiya. A ganinsa, tun Zuhal na sabuwa maganaɗisunta ya kama wannan iska ya riƙa juyi da ita. Da ta huce ta zama ƙwayoyi, sai maganaɗisu ya sake su, suka gangaro zuwa wajen kashi biyu cikin uku na nisansu na farko daga Zuhal, suka jeru. Har giɓin da ke tsakanin zobban ya ce wani ɗan watan Zuhal mai suna Mimas ne ya share filasmar da ya kamata ta cike shi.

Bayani ne mai kyau, sai dai yawancin masana ba su bi shi ba. Sun fi karkata ga cewa wani wata ne ya matso kusa ƙwarai, ƙarfin Zuhal ya farfasa shi. Kumbon Kasini, da ya kewaye ta daga 2004 zuwa 2017, ya ƙara rura gardamar: ƙanƙarar ta cika tsabta, har wasu ke ganin zobban ba su wuce 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru ba, alhali ita Zuhal ta haura biliyan huɗu.