Jijiyoyin Saƙo da Kafofin Ji a Jikin Dabbobi

1.0 Gabatarwa

Malamin da zai koyar da kimiyya da harshen Hausa a makarantun Gwandu ko na Kalgo zai fara cin karo da kalmomi biyu masu faɗin ma'ana, wato "ji" da "jijiya". Bahaushe kan ji sauti, ya ji wari, ya ji ɗanɗano, ya kuma ji zafi. Gani ne kaɗai ya ware wa kalma ta daban. Ita kuwa jijiya, da ita ake kiran hanyar jini, da ita ake kiran igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma ake kiran zaren da ke ɗaukar saƙo. Wannan ta ƙarshe ce abin nazari a nan, kuma za a kira ta jijiyar saƙo.

1.1 Yadda Saƙo Ke Tafiya

A jikin dabba mai ƙashin baya, ƙwaƙwalwa da laka su ne cibiya. Daga gare su jijiyoyi ke rassa zuwa ko'ina. Wasu na kawo labari daga ido da kunne da hanci da harshe da fata, wasu kuma na mayar da umarni zuwa ga tsoka. Saƙon kan bi jijiya a matsayin ɗan motsin lantarki, wanda saurinsa kan kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya.

Ba kowane saƙo ne ke jiran hukuncin ƙwaƙwalwa ba. Idan jaki ya taka ƙaya, laka ce ke ba da umarnin ɗage ƙafa tun kafin ya san abin da ya same shi. Haka ma tsallen da kaza ke yi bayan an yanka ta, abin da kowane yaro ya sha gani, yawanci aikin laka ne.

Kowace dabba da kafar da ta fi dogara da ita. Idanun saniya na gefen kai, shi ya sa take hango kusan duk kewayenta, in ban da daidai bayanta, inda makiyayi mai hankali ba ya ɓullo mata kwatsam. Tarwaɗar da masunta ke kamawa a fadamun yankin tana ɗanɗana abinci da gashin bakinta cikin ruwan da ido ba ya aiki. Maciji kuwa da harshe yake ɗebo ƙamshi, ba sara yake yi da shi ba, ko da yake mutane da dama sun ɗauka haka ne.

1.2 Haukan Kare

A nan ne bambance jijiyoyi ke zama batun rai da mutuwa. Ƙwayar cutar haukan kare tana shiga ne daga yawun dabbar da ta yi cizo, amma ba jini take bi ba. Jijiyar saƙo take kamawa, ta riƙa hawa sannu a hankali har ta isa laka da ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Cizon da ke kusa da kai ya fi saurin isa. Saboda haka ɗaure hannu ko tsaga wurin don fitar da "mugun jini" ba ya tare ta. Warkewar miki ma ba shaidar tsira ba ce.

Wannan jinkiri shi ne damar da Louis Pasteur ya yi amfani da ita a Faransa a 1885, lokacin da ya yi wa wani yaro da kare ya ciza allurar rigakafi, yaron ya rayu. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in waɗanda malami zai tarar a ajinsa. Abin da ya kamata su sani shi ne a wanke wurin cizo da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kuma garzaya asibiti a ranar don karɓar allura.

Jinga

Ɗalibi ya tsara darasin minti 30 ga 'yan aji 5 na firamare, ya bayyana musu dalilin da ya sa yaron da kare ya ciza zai je asibiti ko da mikinsa ya warke.