Zauren Masu Yaƙi da Giya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na daɗe ina shawarar ko in rubuta wannan magana ko in bari, domin ta shafi gidanmu. Amma da na nemi izinin kawuna, sai ya ce, "Rubuta, yaro, sai dai kada ka kama suna. Wataƙila wani ya amfana."

Kawuna manomi ne a filayen noman rani na madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978. Yana samun shinkafa da tumatir daidai gwargwado. Abin da muka yi shekaru ba mu gane ba shi ne, in ya kai amfani kasuwar Talata Mafara, rabin kuɗin a wurin giya yake ƙarewa. Tun da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara a shekarar 2000 aka hana sayar da giya a fili. Wannan ya rage ta ƙwarai, amma wanda ta riga ta kama ya koma sha a ɓoye, ga kunya ga tsoro, ba shi da wanda zai gaya wa ciwonsa.

Sau uku kawu yana rantsuwa ya bari, sau uku yana komawa. A karo na ƙarshe ya yanke ta farat ɗaya. Washegari hannuwansa suka kama rawa, gumi na zuba, a rana ta uku kuwa ya fara ganin abubuwan da ba su nan. Wasu suka ce iskoki ne. Wani ma'aikacin lafiya ya ce a garzaya da shi asibitin masu taɓin hankali na Kware, kusa da Sakkwato. A can muka koyi darasi na farko: wanda jikinsa ya saba da giya sosai, yanke ta farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya, har ma da mutuwa. Saboda haka sai da taimakon likita.

Da za a sallame shi, likita ya ce masa magani ya fitar da giya daga jiki, saura zuciya, kuma wannan aiki ba a yin sa mutum ɗaya. Ya ba shi shawara ya nemi waɗanda suka riga shi bari. Ma'aikacin lafiyar nan ne ya haɗa shi da wani dattijo, tsohon direba, wanda ya shekara goma bai sha ba. Ashe su biyar ne suke haɗuwa a zaurensa kowace Alhamis bayan sallar isha'i.

Wannan dabara tana da tarihi. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani dillali mai suna Bill Wilson ya haɗu da wani likita, Bob Smith, dukansu giya ta cinye su. Suka lura cewa idan mashayi ya gaya wa mashayi gaskiyar halinsa, sha'awar sha tana raguwa. Daga nan aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu ɓoye suna. A 1939 suka buga littafi mai matakai 12, na farkonsu shi ne mutum ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa. Yanzu ana irin wannan taro a ƙasashe fiye da 150, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Sharaɗi ɗaya ne: son barin sha.

Zauren su kawu ba reshen wannan ƙungiya ba ne, amma dokokinsu sun yi kama. Abin da aka faɗa a zaure, a zaure yake tsayawa. Kowa labarin kansa yake bayarwa, ba mai yi wa wani gori. Ba a alkawarin shekara, alkawarin yini ɗaya ake yi, in gobe ta yi a sake. Kuma in sha'awa ta taso wa mutum, ko da tsakar dare ne, ya buga wa ɗan'uwansa waya. Dattijon yakan tuna musu cewa ko a Alƙur'ani, daki-daki aka saukar da hanin giya kafin ayar suratul Ma'ida ta haramta ta gaba ɗaya.

Ran da kawu zai fara zuwa, ni na kai shi a kan keke. Ya tsaya a bakin zaure ya ce mu koma. Na ce, "Kawu, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya yi dariya ya shiga. Bayan wata huɗu ya sake zamewa sau ɗaya. Ba su kore shi ba, da sassafe biyu daga cikinsu suka zo har gida suka gaishe shi. Yau watansa goma sha huɗu bai sha ba, kuma shi ya biya mini kuɗin makarantar wannan zango.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 2.6 a 2019. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in akwai mai wannan larura a gida, kada a tsaya ga zagi da tonon asiri. A kai shi ga likita tukuna, sannan a tambayi ma'aikacin lafiya ko limamin da aka amince da shi ya haɗa shi da waɗanda suka bari. In babu irin wannan zaure a garinku, mutum biyu ma sun isa su fara. Mu kuma ɗalibai, mu guji kurɓin farko. Allah ya shirye mu baki ɗaya, amin.