Darasi: Rufe Ruwa Don Tattalin Kifi, Daga Matan Fada Zuwa Tsibiran Teku

Duk ɗan kasuwar da ke sarin busasshen kifi yana kaiwa kasuwannin Kafanchan da Zonkwa ya san cewa ribarsa ta dogara ne kan abin da ruwa ya bayar. Saboda haka darasinmu na wannan mako zai duba wata tsohuwar dabara ta masunta, wato rufe wani ɓangare na ruwa, a hana kowa kamun kifi a cikinsa sai ranar da aka ajiye.

Misali mafi kusa da mu yana Argungu ta Jihar Kebbi. Bikin kamun kifin garin ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Masu kallo sukan ga dubban Kabawa sun afka kogin Matan Fada da homa da gora, suna fitowa da giwan ruwa. Wadda ta ci gasar 2005 ta kai kilo 75. Abin da ba su gani shi ne watannin da aka yi ana tsaron wurin ƙarƙashin Sarkin Ruwa, babu mai jefa taru. Kifin da aka bari ya girma, ya hayayyafa, tamkar jarin da aka ƙi taɓawa ne.

Mazauna tsibiran teku, waɗanda ke su a kan duwatsun murjani, suna da irin wannan tsari. A ƙasar Fiji, idan basarake ya rasu, akan rufe wani yanki na ruwan ƙabilarsa har kwana 100. A kan wannan al'ada mutanen ƙauyen Ucunivanua suka ɗora a 1997, suka keɓe wani fili na gaɓar teku domin ƙwanso mai nama da suke ci suna sayarwa ya farfaɗo, kuma ƙauyuka da dama suka bi sahunsu.

Sai dai darasin da ya fi amfani ga ɗan kasuwa daga Madagaska ya fito. A 2004 masuntan ƙauyen Andavadoaka sun rufe wani wurin kamun wata halittar teku mai hannuwa takwas, wadda ita ce babbar hajarsu, na tsawon wata bakwai, bisa dokar gargajiya da suke kira dina. Ranar buɗewa an samu kamu mai yawa, amma maƙwabtan da ba su yi haƙurin jira ba suka yi dafifi, rabon kowa ya ragu. Wani ya yi noma, wani ya zo girbi. Maganin da aka samo shi ne shigar da ƙauyukan yankin cikin yarjejeniya guda, har aka kafa ƙungiyar Velondriake a 2006.

A ganinmu, wannan ne ginshiƙin al'amarin. Rufe ruwa yana yin tasiri ne idan an san iyakarsa, an san mai tsawatawa, kuma wanda ya jira shi ne zai kwasa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta amfani da guba da nakiya, amma jami'in gwamnati ba ya kwana a bakin rafi. Mai unguwa da sarkin ruwa su ne suka san wanda ya zuba maganin ƙwari da dare.

Shi kuwa mai sari, ya sani cewa ranar buɗe ruwa kifi yakan yi arha saboda yawansa. Wanda ya san ranar tun da wuri, ya tanadi itacen banda, da kwanduna, da mota, shi zai sayi manyan kifi da rahusa, ya sayar bayan kasuwa ta lafa.